Zafin saduwa ga mace mai endometiriyosis: me ake yi a aikace?

Mai_Neman_Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Tambayata a kan macen da aka riga aka tabbatar tana da endometiriyosis ce, wato ciwon nan da wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajen mahaifa. Ciwon mara na lokacin al'ada kowa yana maganarsa, ana kuma ba da magani. Wanda ba a cika taɓowa ba shi ne zafin kwanciyar aure. Mai ciwon tana jin nauyin faɗa, likita ma sau da yawa ba ya tambaya.

Zafin da nake nufi shi ne na can ciki, kamar an soki wuri da tsinke ko an fama gyambo, wani lokaci ya wuce da an gama, wani lokaci ya kwana har ya wuni. Bayan 'yan watanni kuma sai wani sabo ya ƙaru a kai: tun daga bakin gaba ake jin zafi, kamar ƙofa ta rufe kanta.

Me ke haddasa wannan takamaimai? Akwai kwanciyar da ta fi sauƙi, ko ranakun da suka fi dama a cikin wata? Shan maganin kashe zafi kafin lokaci yana da amfani? Yaushe ne ya kamata a koma asibiti a ce maganin da ake kai bai wadatar ba? Don Allah a yi bayani dalla-dalla. "Ki yi haƙuri" da "ki saki jiki" an ji su har an gaji.

Likitar_Mata ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin yi tambayar da mata da yawa suke riƙe da ita a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 10 a shekarun haihuwa tana da wannan ciwo, kimanin mata miliyan 190 ke nan. Da yawa daga cikinsu kuma suna jin zafi lokacin saduwa.

Kafin komai a raba zafin gida biyu, na can ciki da na bakin ƙofa, domin kowanne da sanadinsa da maganinsa. Zan tsaya a kan na ciki. Na bakin ƙofa galibi aikin tsoka ne, masu gashin jiki sun fi ni iya bayaninsa.

Idan aka bi farji har ƙarshensa, akwai 'yar ƙurya a bayan bakin mahaifa. Daidai bayan wannan ƙuryar akwai wani lungu tsakanin mahaifa da ƙarshen hanji, likitoci suna ce masa aljihun Daglas. A gefensa biyu akwai igiyoyin nama guda biyu da suka riƙe bakin mahaifa suka ɗaure shi da ƙashin baya. Wannan yanki yana cikin wuraren da ciwon ya fi zama. Naman da ya tsiro a nan yana jin sinadarin jikin mace da ake kira istirojin kamar yadda cikin mahaifa yake ji, sai ya riƙa kumbura wata bayan wata, ya bar tabo, ƙananan jijiyoyi masu ɗaukar zafi su tsiro a cikinsa. Igiyoyin da ya kamata su miƙe su dawo sai su yi tauri kamar busasshiyar fata. A lafiyayyen jiki, in gaban namiji ya kai ƙarshe, mahaifa takan ɗan gusa sama ta ba da hanya. In tabo ya manne ta da hanji ko ya janyo ta baya ya kafe ta, ba ta da wurin gusawa, duk turin sai ya ƙare a kan wurin ciwon. Haka nan in akwai ƙullutun tsohon jini a gidan ƙwai, nauyinsa yakan sa gidan ƙwan ya faɗo cikin wannan lungun ya manne, ya zama yana kan hanya. Wani abu kuma da ke rikita mutane: girman ciwon ba shi ne ma'aunin zafi ba. Ɗan tabo kamar ƙwayar wake a kan igiyar nan zai iya fin babban ƙullutu azaba.

In an gane wurin, dabarun sai su fito da kansu.

Zurfi shi ne kan gaba. Tsawon farji in mace ba ta motsu ba galibi santimita 7 zuwa 10 ne. In sha'awa ta tashi sosai, sashensa na ciki yana buɗewa ya ƙara tsawo, bakin mahaifa ya ɗaga sama. Saboda haka wasa kafin shiga, ga wannan mace, wani ɓangare ne na magani. A ba shi minti 15 zuwa 20 ko fiye, kuma a sani cewa jiƙewar gaba kaɗai ba ta nuna cikin ya buɗe, don ni'ima takan riga buɗewar zuwa.

Sai kwanciya. Wadda ta fi yi wa yawancin mata sauƙi ita ce mace a sama tana ɗan sunkuyowa gaba, gwiwoyinta a kan shimfiɗa, domin zurfi da sauri suna hannunta, kuma za ta iya yin gaba da baya maimakon sama da ƙasa. Ta biyu ita ce kwanciya a gefe, ko suna fuskantar juna ko miji yana bayanta, cinyoyinta a haɗe, saboda cinyoyi da mazaunai suna rage tsawon da ke shiga. In mijin ne a sama, ta miƙe ƙafafunta a ƙasa ta matso da su. Waɗanda suka fi tayar da ciwo su ne ɗaga ƙafafu zuwa ƙirji ko kan kafaɗar miji, da durƙuso a zo ta baya, domin dukkansu suna gajarta hanya suna kai turi kai tsaye ƙuryar baya. Matashi a ƙarƙashin ƙugu yana taimakon wasu yana ƙara wa wasu, ya danganta da inda tabon yake da yadda mahaifa ta karkata, sai an gwada. Akwai kuma zobba masu laushi da ake jerawa a gindin gaban namiji su tare zurfin, irin su Ohnut mai zobe 4, a fara da duka a riƙa ragewa har a sami daidai.

Lokaci ma yana da tasiri. Ga mata da yawa kwanakin da suka fi tsanani su ne gab da al'ada, da lokacinta, da ranar fitar ƙwai a tsakiyar wata, mafi sauƙi kuma 'yan kwanakin da ke bin tsarki. Amma jiki ya bambanta. Ta rubuta na wata 2 ko 3: rana ta nawa ce daga farkon al'ada, wace kwanciya, ina zafin yake, nawa ne daga 0 zuwa 10, awa nawa ya ɗauka kafin ya lafa. Wannan takardar ta fi dogon bayani amfani a gaban likita. Ta yi fitsari kafin a fara, kuma kada ta bari bayan gida ya taru, domin ƙarshen hanji yana manne da wurin, in ya cika ya yi tauri zafin yakan ninku.

Duk wannan rage zafi ne, ciwon yana nan. Maganinsa na farko shi ne a kwantar da al'adar da ke hura shi: ƙwayar tsarin iyali mai sinadari biyu a sha ba hutu, ko magani mai sinadari ɗaya, wato furojestin kaɗai, kamar Visanne miligiram 2 kullum, ko robar mahaifa ta Mirena, ko allurar Depo-Provera duk wata 3. A ba kowanne wata 3 zuwa 6 kafin a yanke masa hukunci, ɗigon jini a watannin farko kuma ba alamar gazawa ba ce. In ba su yi ba akwai masu ƙarfi irin allurar Zoladex, waɗanda ke sauke istirojin ƙasa kamar mace ta daina al'ada. Suna rage zafin ciki, amma suna kawo bushewar gaba da raguwar sha'awa da raunin ƙashi, shi ya sa ba a wuce wata 6 da su sai an haɗa da ɗan sinadarin da zai mayar da gurbi. Mace takan ce maganin ya ƙara mata ciwo, alhali zafin ciki ne ya tafi, na bushewa ya maye gurbinsa. A gaya wa likita, akwai gyara.

In an yi wata 6 ana magani zafin cikin bai ragu ba, ko akwai zafi wajen bayan gida ko fitsari lokacin al'ada, ta nemi a yi mata hoton ciki ta gaba a hannun wanda ya saba neman wannan ciwo, ko hoton MRI. Jagorar 2022 ta ESHRE, ƙungiyar ƙwararrun harkar haihuwa ta Turai, ta amince a fara magani ba sai an yi tiyatar leƙa cikin ciki da ƙaramar kyamara ba, ta kuma ja kunne cewa rashin ganin komai a hoto ba ya nufin babu ciwon. In an ga ƙulli mai zurfi a igiyoyin nan ko tsakanin farji da hanji, tiyatar ƙananan huda da ake yanke shi gaba ɗaya tana rage zafin saduwa ga mata da yawa. Aiki ne na ƙwararru, domin hanji da bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda suna dab da wurin. Ciwon yana iya dawowa, don haka akan ci gaba da maganin sinadari bayan tiyata in ba a neman ciki. Cire mahaifa kuma ba tabbacin warkewa ba ne in an bar tabon da ke wajenta.

Akwai abubuwan da ba a jinginawa ga endometiriyosis a zauna a gida: jini bayan saduwa da ke maimaituwa, zazzaɓi da ruwa mai wari, zafi mai tsanani farat ɗaya a gefe guda tare da amai ko jiri, ko ciwon mara bayan ɓatan wata. Na farko a je a duba bakin mahaifa cikin 'yan kwanaki. Sauran asibiti ne a ranar.

Anti_Fisiyo ta amsa:

Likita ta gama da na ciki, bari in ɗauki na bakin ƙofa, domin shi ne abin da 'yar'uwarmu ta kwatanta da ƙofa ta rufe kanta, kuma kwatancin ya yi daidai.

A ƙasan ƙugu akwai tsokoki shimfiɗe kamar raga, daga ƙashin gaba zuwa ƙashin wutsiya, mafitar fitsari da farji da dubura duk ta cikinsu suka bi. In aka kawo yatsa kusa da ido, ido yakan rufe ba tare da shawarar mai shi ba. Tsokokin nan haka suke. In saduwa ta yi zafi sau goma, a na goma sha ɗaya za su ɗaure tun kafin a taɓa. Ɗaurarriyar tsoka tana matse ƙofa, jini ba ya ratsa ta sosai, tana yin ƙululu masu zafi, ita kanta ta zama sabon ciwo. Daga nan jijiyoyin wurin da laka da ƙwaƙwalwa sukan ƙara kaifi, har taɓawar da ba ta kai ta yi zafi ba ta riƙa yi. Wannan ne dalilin da za a yi wa mace tiyata mai kyau, a cire komai, amma zafin saduwa ya ƙi tafiya. Shi ya sa nake roƙon mata da babbar murya: kada a cije baki a daure har a gama. Duk daurewa ɗaya darasi ne ga tsokar cewa ta ƙara ɗaurewa gobe.

Ga yadda mace za ta gane ko tsoka na da hannu. Ta wanke hannu, ta kishingiɗa da matasai a bayanta, gwiwoyi a lanƙwashe. Ta ɗauki bakin gaba kamar fuskar agogo, ƙarfe 12 wajen mafitar fitsari, ƙarfe 6 wajen dubura. Ta shafa man santsi a babban yatsa, ta shigar da shi santimita 2 zuwa 3, ta danna a hankali wajen ƙarfe 4 da 5, sannan 7 da 8. In ta ji wuri mai tauri kamar igiya, dannawar kuma ta tayar da irin zafin da ta sani, to tsoka ce. In zafin ƙuna ne a fatar bakin tun da ɗan shafawa, wannan wani abu ne daban, ko bushewa, ko ƙwayar cuta, ko kaifin jijiyoyin fatar, sai likita ya duba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce mata ta riƙa atisayen matse gaba da ake koya wa masu jego. Wannan na tsokar da ta saki ce. Wadda ta riga ta ɗaure in aka ƙara matse ta, ciwo ake ƙara mata. Abin da ake koya mata shi ne saki.

Ana farawa da numfashi. Ta kwanta rigingine, hannu ɗaya a kan ciki. Ta ja iska ta hanci tana ƙirga 4, cikin ya taso, haƙarƙari ya buɗe, ta lura da yadda ƙasan ƙugu yake sauka kamar za ta saki fitsari amma ba yunƙuri. Ta fitar a hankali tana ƙirga 6, ba tare da ta matse komai ba. Minti 5, safe da dare. Makon farko da wuya ta ji saukar, ta ci gaba. Ta haɗa da miƙa jiki iri biyu: ta durƙusa ta buɗe gwiwoyi ta zauna a kan dugaduganta ta kifa goshi a ƙasa, sannan ta kwanta rigingine ta kama tafin ƙafafunta gwiwoyi a buɗe zuwa hammata. Kowanne minti 1 zuwa 2 tana wannan numfashin.

Mataki na gaba shi ne sandunan horar da gaba, masu santsi, da ke zuwa jere daga mai kaurin yatsa zuwa mai kaurin gaban namiji. Sunansu yana ruɗar mutane, a ɗauka faɗaɗa wuri ake yi. Wurin ba ƙarami ba ne, tsokar ake koya wa cewa abu zai iya shiga ba tare da ciwo ba. Ta fara da mafi ƙanƙanta, da man santsi isasshe, ta ɗora a bakin ta yi numfashi 3 kafin ta tura, ta karkata shi wajen ƙashin baya. In ya shiga ta bar shi minti 10 tana numfashi, sau 3 ko 4 a mako. Rashin daɗin kada ya wuce 3 cikin 10, kuma ya lafa cikin ɗan lokaci bayan an cire. Ba ta hawa na gaba sai wanda take kai ya shiga ba zafi sau 3 a jere. Abin da ke ɓata aikin shi ne gaggawa, da tura sandar har ƙarshe ta daki tabon da Likita ta yi bayani. Rabin tsayi ya isa. Kwanakin al'ada da na tashin ciwo a huta, in an dawo a koma girman baya. Akan ɗauki makonni 8 zuwa 12 kafin a ga canji na sosai, sannu ba ta hana zuwa. In da hali a sami mai gashin jiki da ta ƙware a tsokokin ƙugu, domin hannunta zai gano ƙululun da yatsan mai ciwo ba ya kaiwa.

Ranar saduwa kuma, ta yi gashi da ruwan ɗumi ko ta ɗora jakar ruwan zafi naɗe da tawul a mara minti 15 kafin a fara. Ita za ta riƙe ta shigar da hannunta, lokacin da take fitar da numfashi, in kai ya shiga a tsaya cak har ta ji tsokar ta saki. Bayan an gama a maimaita ɗumin da numfashin, shi ke rage ciwon washegari.

Mai_Haɗa_Magani ya amsa:

Sannunku da ƙoƙari, Likita da Anti. Zan ƙara a kan maganin kashe zafi da man santsi, tunda Malama ta tambaya.

Ibufurofen, wanda aka fi sani da Brufen, miligiram 400 bayan an ci abinci, minti 30 zuwa awa 1 kafin lokaci. Yana hana jiki sarrafa sinadaran kumburi, shi ya sa ya fi aiki in an riga zafin. Kada a wuce miligiram 1,200 cikin awa 24 sai da izinin likita, kada a haɗa shi da diklofenak ko nafuroksen don gida ɗaya suke. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin tsinka jini, mai asmar da irin waɗannan ke tayarwa, da mai ciki, su bar shi. Parasitamol giram 1 yana iya tafiya tare da shi, iyakarsa giram 4 cikin awa 24. Taramadol da kodin ba wurinsu ba ne nan: suna ɗaure bayan gida, wanda kun ji abin da yake jawowa, ga kuma jiki ya saba da su har a kasa bari. In sai da ƙwaya ake iya saduwa kowane lokaci, maganin asalin ciwon ne bai isa ba.

Man lidoken mai kashe fata yana taimakon ƙunar bakin ƙofa kawai. A shafa kaɗan minti 10 zuwa 15 kafin, a goge saura don kada ya kashe wa miji jiki. Ba ya kaiwa can ciki, kuma haɗarinsa shi ne ya rufe gargaɗin jiki a yi ta yi har a ji rauni.

Man santsi a sa kamar cikin ƙaramin cokali, a jikin su biyun, a ƙara in ya fara kamawa. Na ruwa yana bushewa da wuri. Na silikon ya fi daɗewa, amma yana lalata sanduna da zobban da aka yi da silikon, a duba abin da aka rubuta a jikin kayan. A guji mai ƙamshi, da mai sa ɗumi ko sanyi, da mai gilisarin da yawa, suna sa raɗaɗi. Vaseline da sauran mayuka masu maiƙo suna cinye kwaroron roba. Duk wani abin matsi ko busarwa da ake cusawa a gaba, ga wannan mace, ƙara wuta ne.

Abu biyu a kan maganin da Likita ta lissafa. Ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido ba, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai shan taba da ta kai shekara 35. Visanne kuma ba a yi masa rajista a matsayin maganin hana ɗaukar ciki ba, wadda ba ta son ciki ta yi amfani da kwaroron roba.

Ungozoma ta amsa:

Ni abin da zan taɓo shi ne mijin, domin duk dabarun nan na mutum biyu ne. Namijin da ba a yi wa bayani ba yakan fassara janyewar matarsa da ƙi, ita kuma ta fara gudun ko riƙe hannu don kada ya kai ga shimfiɗa. A haka sanyi yake shiga tsakani.

Maganar a yi ta da rana, da tufafi a jiki, ba a tsakiyar abu ba, ba kuma bayan an yi ɓacin rai ba. Ta faɗa masa wurin da sunansa: "Akwai tabo a bayan mahaifata, in an kai can ciki shi ake bugawa. Ina son ka, zurfin ne ba na iyawa." Maza sun fi kama magana in an nuna musu abin da za su yi, don haka su yi yarjejeniya a kan kalma biyu, ɗaya ta "rage", ɗaya ta "tsaya", kuma in ta ce tsaya a tsaya nan take ba fushi ba tambaya. Macen da ta tabbata za a tsaya jikinta ya fi saki. In zai yiwu ya raka ta wurin likita sau ɗaya ya ji da kunnensa.

In zafin ya yi yawa, su ajiye shiga gaba ɗaya na makonni 3 ko 4 bisa yarda. Masana irin su Masters da Johnson sun tsara wannan hanya tun shekarun 1960: a fara da shafar jiki ban da gaba da ƙirji, bayan kwanaki a haɗa da su, sai daga baya a dawo ga shiga kaɗan-kaɗan. Ana iya biya wa juna buƙata da hannu ko tsakanin cinyoyi a wannan lokacin. Sai dai wasu matan kawowa kanta tana tayar musu da ciwon mara, saboda mahaifa da tsokoki suna tsukewa a lokacin. Wannan ma a rubuta a takardar a kai wa likita. In kuma an wayi gari tsoro ko baƙin ciki ya rufe komai, ko ana tilasta mata duk da ta ce tana jin ciwo, ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiyar da ta yarda da ita, wannan ya wuce gyaran kwanciya.

Mai_Neman_Sani ta sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura guda, Likita. Duk magungunan da kika ambata suna hana ɗaukar ciki ko ba a shan su in ana nema. Wadda take neman haihuwa fa, ga shi ranakun fitar ƙwai suna cikin masu zafi? Kuma gaskiya ne in ta haihu ciwon zai tafi?

Likitar_Mata ta amsa:

Amin, 'yar'uwa. In fara da na ƙarshe: haihuwa ba ta warkar da shi. Wasu suna samun sauƙi lokacin ciki da shayarwa saboda al'ada ta tsaya, in ta dawo ciwon yakan dawo. Maganin sinadarin ma ba ya ƙara damar ɗaukar ciki, don haka mai nema yanzu ba a ɗora ta a kansa da wannan niyya. Wadda take shirin nema nan kusa ta guji Depo-Provera, domin bayan allurar ƙarshe ƙwai yana iya ɗaukar har shekara kafin ya dawo fita, saɓanin Mirena da ƙwayoyi da ake dawowa da wuri.

Abin da zai rage mata wahala shi ne sanin cewa kwanakin ɗaukar ciki 6 ne kacal a wata: kwana 5 kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Maniyyi yana rayuwa har kwana 5 a jikin mace, shi kuwa ƙwai bai wuce awa 24 ba. Ke nan ba dole sai ranar da ta fi zafi ba. Mai zagayen kwana 28, da ƙwanta ke fita wajen rana ta 14, in aka sadu a rana ta 10 da ta 12, aka ƙara ta 13 ko 14 in jiki ya yarda, an rufe lokacin. Tsinken gwajin fitsari na fitar ƙwai yana nuna alama kwana 1 zuwa 2 kafin ya fita. Zurfi ma ba sharaɗi ba ne, muddin maniyyi ya zuba a cikin farji zai kai inda za shi. Za a iya yin yawancin wasan a waje, a shiga kaɗan dab da ƙarshe. In shigar ta gagara sam, akwai hanyar zuba maniyyin miji da sirinji marar allura, likita zai nuna musu yadda ake yi da tsabta.

A kwanakin nan gara ta yi amfani da parasitamol da ɗumi maimakon ibufurofen, domin shi da danginsa suna iya jinkirta fashewar jakar ƙwai. Man santsi a nemi wanda aka rubuta cewa ba ya cutar da maniyyi. Aikin da Anti ta koyar kuwa ba ya taɓa haihuwa ko kaɗan, shi ne babban abin dogaronta a wannan lokaci.

Kada ta jira shekara cur kamar yadda ake gaya wa sauran mata. In an yi wata 6 ana gwadawa ba labari, ko tun farko in ta kai 35 ko an san tana da ƙullutu a gidan ƙwai, su je a duba bututun mahaifa da maniyyin miji da yawan ƙwan da ya rage mata. Wannan gwajin na ƙarshe a yi shi kafin a taɓa ƙullutun da wuƙa, saboda cire shi yakan tafi da wani ɓangare na lafiyayyen ƙwai, kuma sakamakon ne zai nuna ko tiyata za a fara yi ko dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a waje a mayar cikin mahaifa.